Saƙon da Ba Ya Cikin Wayarka: Yadda Akwatin Murya Ke Aiki a Layin Salula

Ka kira mutum. Wayar ta yi ruri sau biyu, na uku bai cika ba sai ka ji wata murya daban, mai sanyi, wadda ba ta gaggawa, tana ce maka wanda kake nema ba ya kusa, ka bar saƙo bayan ka ji ƙara. Yawancinmu a nan muke katsewa, wani ma har da tsaki. Da za a tambaye mu wa ya yi wannan maganar, cewa za mu yi wayar mutumin ce. Alhali a lokacin da muryar ta buɗe baki, wayarsa ta riga ta fita daga zancen gaba ɗaya. Kana magana ne da wata kwamfuta da ke girke a ɗakin injuna na kamfanin sadarwa, wataƙila ɗaruruwan kilomita daga inda mai wayar yake. Duk abin mamaki ko abin haushi da ke tattare da akwatin saƙon murya, tun daga kuɗin da ake cirar wa mai kira har zuwa yadda ɓarayi ke sace asusun WhatsApp da shi, daga nan ya samo asali.

Tunanin naɗar muryar mai kira ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A 1898 wani injiniya ɗan ƙasar Danmak, Valdemar Poulsen, ya ƙera na'urar da ke naɗar murya a jikin siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu. Daga baya aka samu akwatin amsa kira mai kaset, wanda ake jona wa tarhon tebur. Shi wannan a ɗaki yake zaune kusa da tarhon: in an ɗauke wuta ya yi shiru, in kana kan layi mai kira ba zai kai gare shi ba. A shekarun 1970 masu bincike a kamfanin IBM, da kuma wani Ba'amurke mai suna Gordon Matthews, suka ɗauko wata hanyar. Matthews ya nemi rajistar fasaharsa a 1979, aka ba shi a 1983, kamfanin 3M kuma na cikin na farko da suka saya. Abin da suka yi shi ne raba saƙo da tarho. A mayar da murya lambobi, a ajiye a kwamfuta guda ta tsakiya, kowane ma'aikaci da akwatinsa a ciki.

Ga ofisoshi wannan ƙarin sauƙi ne kawai. Ga wayar hannu kuwa dole ce. Batir na mutuwa, mutum na shiga inda ba sabis, yana hawa jirgi ya kashe waya. Mai amsawa a madadinka ba zai yiwu ya zauna a cikin abin da shi kansa ya mutu ba. Saboda haka tsarin GSM, wanda aka fara kira da shi a Finlan a 1991, ya zo da hanyar karkatar da kira a cikin jininsa, akwatin murya kuma a kanta ya hau.

Mu bi kira ɗaya a hankali

Ka danna lamba. Wayarka ta aika buƙata zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan zuwa cibiyar haɗa kira, har maganar ta isa ƙofar kamfanin wanda kake nema. Cibiyar da ke bakin ƙofar ba ta san inda mutumin yake ba. Sai ta tambayi babbar rajistar kamfanin, wadda injiniyoyi ke kira HLR, inda aka rubuta kowane layi da abin da aka yarje masa. Ita babbar rajista ta san yankin da layin ya yi sallama na ƙarshe, don haka sai ta tuntuɓi ƙaramar rajistar wannan yanki, VLR, mai riƙe da sunayen baƙin da ke ƙarƙashinta a halin yanzu. Ƙaramar ta ba da wata lamba ta wucin gadi, kiran ya bi ta, ƙarafan sabis na yankin suka shiga cigiyar wayar. In ta amsa cigiya, sai ta fara ruri. Duk wannan zirga-zirga ita ce ɗan shirun da kake ji kafin ƙarar farko.

A cikin bayanan layin akwai umarni uku masu sharaɗi, kowanne da lambarsa. Na 61 yana cewa in an yi ta ruri ba a ɗaga ba, a kai kiran wuri kaza. Na 62 yana cewa in ba a samu wayar ba sam. Na 67 kuma in layin na kan wani kiran. Akwai na huɗu, 21, wanda ba ruwansa da sharaɗi, duk kiran da ya zo juya shi yake yi tun kafin wayar ta motsa. A mafi yawan layuka, "wuri kaza" ɗin nan lambar kwamfutar saƙon murya ce, kamfani ne ya saka ta tun ranar da aka buɗe layin, ko mai layin ya sani ko bai sani ba.

Mai kunnen basira zai iya gane wanne daga ciki ya kama shi. In wayar ta yi ruri har ta gaji sannan muryar ta shigo, 61 ne. Ƙa'idar GSM ta ba da damar a saita wannan jira daga daƙiƙa 5 zuwa 30, biyar-biyar. In ko ruri ɗaya ba a yi ba, nan take aka wuce da kai, to galibi mutumin ya kashe wayarsa da hannunsa. Waya in za ta mutu mutuwar ladabi takan yi wa cibiya ban kwana, a rubuta cewa ta tafi, shi ya sa ba a ɓata lokacin nemanta. In kuwa ka ji dogon shiru kafin muryar, wayar ɓacewa ta yi ba sallama: batir ya faɗi, ko ta shiga lungun da ba sabis. Cibiya na zaton tana nan, ta yi ta cigiya, sai da ta gaji ta haƙura.

Sai kuma wanda ke haddasa rigima tsakanin mutane. Ruri biyu, sai akwati. Wannan mutumin ya ga kiranka ya danna ja. A wajen cibiya, ƙin ɗaga kira da gangan daidai yake da layi na kan aiki, don haka umarni na 67 ne ke ɗauka. Na'ura ba ta tona masa asiri da baki ba, amma lissafin ruri ya tona.

Miliyoyin layuka lamba guda ake juya su, ko 'yan lambobi kaɗan. Ta yaya kwamfutar ke sanin akwatin wa za ta buɗe? Kira ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai wata hanya ta daban, ta sigina, wadda a tsofaffin cibiyoyi ake kira SS7, da ke ɗauke da abin da za mu iya kira takardar rakiya: ga lambar mai kira, ga lambar da aka nufa tun farko, ga dalilin juyawa. Da wannan takarda kwamfutar ke zaɓo gaisuwar da ta dace. Ranar da takardar ta ɓace a hanya, kamar yadda kan faru in kira ya ratsa kamfanoni da yawa, sai ka ji ana ce maka ka shigar da lambar akwatin da kake so, kai kuwa ba ka ma san ana yin haka ba.

Wa ke biya

Da zarar kwamfutar ta ɗauka, takan aika wa cibiya alamar cewa an amsa kira, irin alamar da wayar mutum ke aikawa in ya ɗaga. Injin lissafin kuɗi bai san bambanci ba, ko kuma a ce ba a so ya sani ba. Daga wannan daƙiƙar agogo ya fara tafiya. Gaisuwar mai akwati, da bayanin kamfani na yadda za ka bar saƙo, da shirun da ka yi kana tunanin abin faɗa, duk a kanka suke. A inda mai kira ne ke biyan kuɗin kira, kuma da katin da ya saka yake magana, wannan kaɗai ya isa ya sa mutane su ƙi jinin abin. Kai ka nemi mutum ba ka same shi ba, kuma an caje ka kamar ka same shi.

Kamfanoni kuwa ba su taɓa kallon abin a matsayin kyauta ba. Kiran da ba a ɗaga ba asara ne gare su: an yi amfani da ƙarfe, an yi cigiya, ba a samu ko sisi ba. Akwatin murya na mayar da wannan asara kira har uku, na wanda ya bar saƙo, na wanda ya kira don saurare, da na mayar da amsa. A 2009 wani marubucin fasaha na jaridar New York Times, David Pogue, ya tayar da gangami a Amurka kan dogon bayanin nan da kamfanoni ke cusawa kafin ƙarar fara magana, yana cewa cin lokacin mutane ne da gangan. Ni dai ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe waya ya san me ake yi bayan an ji ƙara.

Matafiyi ne ya fi shan wahalar wannan tsari. Ka ɗauka mutum ya tafi wata ƙasa da layinsa, wayarsa a kunne, yana barci. Kira ya shigo kamfaninsa na gida, aka tura shi ƙetare zuwa inda yake, ya yi ruri ba a ɗaga ba. Yanzu cibiyar ƙasar da yake baƙunta ce ke riƙe da kiran, ita ce za ta cika umarni na 61, kuma lambar akwatin tana can gida. Sai ta sake mayar da kiran ƙetare. Tafiya biyu ke nan tsakanin ƙasa da ƙasa saboda saƙon da ko jinsa bai yi ba, kuma an daɗe ana ɗora wa mai layi kuɗin duka biyun. Da a ce ya kashe wayar tun farko, da kiran bai bar gida ba. Tarayyar Turai ta hana cajin mutum don an bar masa saƙon murya yana yawo a cikin ƙasashenta tun daga Yulin 2010. A wajen wannan yanki, abin ya danganta da yarjejeniyar kowane kamfani.

Ita muryar kanta

Tsohuwar hanyar tarho tana ɗaukar samfurin murya sau 8,000 a daƙiƙa, kowane samfuri bit 8 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta, bit 8 kuma bayit ɗaya ne), wato bit 64,000 a daƙiƙa ɗaya. Minti guda ya kama bayit 480,000. In kamfani na da layi miliyan ɗaya, kowanne ya tara saƙon minti goma, ana maganar terabayit 4.8. A yau wannan faifai ɗaya ne da za ka riƙe a tafin hannu. A shekarun 1990 kuwa dukiya ce mai yawa. Daga can aka gaji dokokin da har yanzu ake fama da su: saƙo kada ya wuce minti kaza, akwati ya cika in ya kai saƙo kaza, a goge bayan kwana kaza. Dalilin ya tafi, dokar ta zauna.

Don rage nauyi akan matse muryar. Dabarar AMR da wayoyin GSM ke amfani da ita tana aiki tsakanin kilobit 4.75 zuwa 12.2 a daƙiƙa, don haka minti guda a mafi kyawunta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Matsalar ita ce sau nawa ake matsewar. Wayar mai kira ta matse, cibiya ta warware, kwamfutar ajiya ta sake matsewa, ranar saurare a warware, a kuma matse don aikawa ta iska zuwa wayar mai akwati. Kamar hoton takarda ne da aka yi wa hoto, shi ma aka yi masa hoto. Ga shi kuma tsohon layin tarho ba ya wuce da sautin da ya haura 3,400 Hz (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), alhali kaifin harafin "s" a sama da nan yake. Shi ya sa a saƙon murya "sata" da "fata" kan so su zama abu ɗaya, lambar wayar da aka karanto maka da sauri kuma sai ka maimaita sau uku.

Bayan an naɗa, saura a sanar da kai. A nan saƙon tes ya shigo. An aika na farko a Ingila ranar 3 ga Disamba 1992, kuma a shekarun farko, lokacin da wayoyi da dama ba su ma iya aika tes ba sai karɓa, babban aikinsa shi ne gaya wa mutum yana da saƙon murya. Ɗan alamar nan mai kama da kaset da kan fito a saman fuskar waya, a layukan GSM wani tes ne na musamman ke kunna ta, wanda ba a nuna maka rubutunsa. Wani irinsa ne kuma ke kashe ta bayan ka saurara. In na biyun ya ɓace, alamar sai ta maƙale kwana da kwanaki, ka buɗe akwati ka tarar wayam. Abin dariya, yaron da aka ɗauko don ya riƙa kai sanarwa shi ne ya girma ya ƙwace kasuwar ubangidansa.

Akwai wani ɗan abu da nake jin daɗinsa a nan. In muryar ta ce ka danna 1 don saurare, me ke faruwa? Tun 1963 kamfanin Bell ya fito da tsarin da kowane maɓalli ke fitar da sauti biyu a haɗe. Na 1 shi ne 697 Hz da 1,209 Hz. An zaɓi sautukan yadda muryar ɗan Adam ba za ta kwaikwaye su bisa kuskure ba. To amma dabarar matse murya ta GSM don maganar mutum aka gina ta, tana iya lalata irin wannan tsantsar sauti. Sai aka yi wayo: wayarka ba ta aika sautin ta hanyar murya. Rubutaccen umarni take aika wa cibiya cewa an danna 1, cibiyar ce ke kaɗa sautin a madadinta. Ƙarar da kake ji a kunnenka don ka samu natsuwa ne kawai.

Ƙofar da aka manta a buɗe

Tunda akwatin ba ya cikin wayar, dole a samu hanyar da zai gane mai shi. Hanya biyu aka tanada, kuma duka biyun ragaggu ne. Ta farko lambar sirri, galibi mai lamba huɗu, wato zaɓi 10,000 kacal, kuma kamfanoni da yawa sun daɗe suna raba layuka da lamba iri ɗaya ga kowa, irin su 0000 ko 1234, da fatan mai layi zai sauya. Wanda bai san yana da akwati ba, yaushe zai sauya lambarsa? Ta biyu ita ce in kiran ya fito daga lambar mai akwatin, a buɗe masa ba tambaya. Ita kuwa lambar mai kira a takardar rakiyar nan take, kuma an gina SS7 ne a zamanin da kamfanonin waya 'yan kaɗan ne, duk sun san juna, ba wanda ke tantance abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Da kira ta intanet ya yawaita, rubuta lambar ƙarya a takardar ya zama abu mai sauƙi. Ƙari a kan haka, an bar damar mutum ya saurari saƙonsa daga kowace waya, don amfanin matafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa da tsagarsa aka gina shi.

Birtaniya ce ta fara ganin girman ɓarnar. A Janairun 2007 aka ɗaure Clive Goodman, wakilin jaridar News of the World kan harkokin gidan sarauta, tare da wani mai bincike mai zaman kansa, Glenn Mulcaire, saboda sauraron saƙonnin muryar hadiman fada. An so a nuna kamar aikin mutum ɗaya ne. A Yulin 2011 jaridar Guardian ta fallasa cewa har akwatin wata yarinya 'yar shekara 13 da aka sace aka kashe a 2002 an shiga. Cikin mako guda, ranar 10 ga Yuli, Rupert Murdoch ya rufe jaridar bayan shekara 168 tana fitowa, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin alƙali Leveson, daga baya tsohon editanta Andy Coulson ya tafi gidan yari a 2014. Abin lura shi ne ba wanda ya taɓa wayar kowa. Wayoyin na cikin aljihun masu su, saƙonnin na can wani wuri ana kwasa.

Za a iya cewa ai yanzu mutane sun daina barin sirri a akwatin murya, me ɓarawo zai samu? A nan ne gizo ke saƙa. Manhajoji da yawa, in za su tabbatar lamba taka ce, sukan aiko lambar shiga ta tes, in ba ta iso ba su ba da zaɓin a kira ka na'ura ta karanto maka. Ɓarawo ya saka lambarka a wayarsa da tsakar dare, ya zaɓi a kira. Wayarka ta yi ruri kana barci, umarni na 61 ya yi aikinsa, na'ura ta karanta wa na'ura lambar, akwati ya naɗe. Abin da ya rage masa shi ne lamba huɗun nan da ba ka taɓa sauyawa ba. A 2018 hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta yi gargaɗi kan sace asusun WhatsApp ta wannan hanya, a shekarar kuma wani mai bincike, Martin Vigo, ya nuna a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON yadda ake fasa akwatunan cikin sauƙi. A 2019 'yan sandan tarayya na Burazil suka kama mutanen da ake zargi da shiga asusun Telegram na manyan jami'ai, ciki har da ministan shari'a na lokacin, Sergio Moro, kuma ta akwatin murya aka bi.

A ganina wannan ne babban laifin da ke wuyan kamfanonin sadarwa. Sun buɗe wa mutum ɗaki da sunansa ba tare da ya nema ba, sun saka makulli irin na kowa, sannan wasu kamfanonin daban suka zo suna jefa makullan gidansa ta tagar ɗakin. Da yawa sun gyara daga baya, suna tilasta sauya lambar sirri ko rufe saurare daga wata waya, amma gyaran bai zama bai ɗaya ba.

Mai layi na da abin yi. A layukan da suka gaji GSM, danna *#61# ko *#62# ko *#67# na nuna inda ake juya kiranka. Na taɓa gwadawa don kawai in gani, sai ga wata lamba da ban taɓa ajiyewa ba, gabana ya faɗi kafin in gane ta akwatin kamfani ce. Wannan faɗuwar gaban ce masu yaɗa jita-jita ke ci da ita, suna cewa duk wanda ya ga lamba a nan ana leƙen asirinsa. Galibi ba haka ba ne. Wanda ya cancanci a damu da shi shi ne *#21#, in ya nuna ana juya duk kiranka zuwa lambar da ba ka sani ba. Danna ##002# na soke dukkan juyawar, har da wadda ka saka da kanka, sai dai wasu kamfanonin kan mayar da tasu, kuma soke juyawa bai rufe akwatin kansa ba. Wannan sai an nemi kamfani. Wanda ke son akwatinsa ya sauya lambar sirri, ya kuma kunna matakin tsaro na biyu a manhajojinsa, don ko an saci lambar shiga a tarar da wata ƙofar.

Abin da ya sauya, da abin da bai sauya ba

A Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko, cikin abubuwan da ya yi alfahari da su har da jerin saƙonnin murya a fuskar waya, ka taɓa wanda kake so ka ji, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Sai da kamfanin sadarwa na Cingular ya gyara injunansa kafin hakan ta yiwu. Android ta saka irin wannan a cikin manhajar kiranta a 2015. A tsarin da wayoyi da yawa ke bi, wani ɓoyayyen tes ne ke sanar da waya, ita kuma ta sauko da saƙon ta data, da ƙa'idar IMAP, wadda ake karɓar imel da ita. Wato wayar na samun kwafi, asalin na nan a wajen kamfani. Haka da aka koma kira ta 4G, wanda aka fara a Amurka da Koriya ta Kudu a 2012, harshen sigina ya koma SIP, murya ta ƙara fita tas saboda AMR mai faɗi na kaiwa 7,000 Hz, amma sharuɗɗan nan uku na juyawa suna nan yadda suke. An kuma ƙara mayar da saƙo rubutu, wanda Google Voice ta yaɗa tun 2009. Yana aiki sosai a harsunan da injuna suka sha karatu a kansu, a sauran kuma sai dai a yi dariya.

Ana cikin wannan gyare-gyare jama'a suka yi gaba. WhatsApp ta kawo saƙon murya a 2013, zuwa 2022 ta ce ana aika biliyan 7 a kowace rana. Ashe mutane ba maganar ce ba sa so, hanyar ce ta gundure su. A can kai ka zaɓi ka yi magana, ba faɗawa ka yi cikin rami bayan ka rasa mutum ba. Kana iya sake naɗa, kana ganin an saurara, kuma a kulle saƙon yake daga waya zuwa waya, saɓanin na akwatin kamfani da ke ajiye inda kamfanin ke iya buɗewa in kotu ta nema. Har manyan ofisoshi sun juya baya: Coca-Cola ta kashe akwatunan murya a hedikwatarta ta Atlanta a ƙarshen 2014. Masu talla ne suka ga wurin ya zama kufai suka tare, suna jefa saƙo kai tsaye cikin akwati ba tare da waya ta yi ruri ba, har sai da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke a Nuwamban 2022 cewa wannan ma kira ne, sai da izinin mai layi.

Duk da haka ban ga alamar za a binne shi nan kusa ba. Yana da abu ɗaya da manhajoji ba su da shi: ba ya tambayar wace irin waya ke hannunka, ko kana da data, ko kun taɓa sanin juna da mai kira. Ma'aikaciyar asibiti da ke kira daga tarhon tebur, ko wanda zai ɗauke ka aiki, lambarka kawai yake da ita.

Sauyi na gaske ya zo ne ta inda ba a zata ba. A 2018 Google ta ba wayoyin Pixel damar amsa kira da kansu su tambayi mai kira me yake so. A 2023 Apple ta saka makamancin haka a iOS 17, manhajar da ke tafiyar da iPhone: wayar da kanta ke ɗaga kiran, ta karanta gaisuwa, tana rubuto maka abin da mutumin ke faɗa a fuskarta yana cikin faɗa, in ka ga maganar ta kai a ɗaga sai ka ɗaga. Wannan shi ne ainihin abin da masu akwatin kaset ke yi a da, su tsaya a gefen tarho suna saurare kafin su yanke shawara. Ta wannan hanya saƙon na iya zama a cikin wayar da gaske. Sai dai da sharaɗin tana kunne kuma tana da sabis. In batir ya mutu, cibiya za ta yi cigiya ta gaji, ta duba rajista, ta ga umarni na 62, ta miƙa kiran ga waccan kwamfutar da ke ɗakin injuna.